Motar da ba ta da gurbin lamba a gaba: yadda aka maƙala mata ba tare da an huda bamba ba

Motar ƙarama ce mai ƙofa huɗu, injinta mai turbo, shekararta uku a kan hanya. An fara sayar da ita ne a inda doka ba ta neman lamba sai ta baya, kamar yadda yake a wasu jihohin Amurka irin su Florida, Michigan da Pennsylvania. Dilolin irin waɗannan wurare ba su cika ɗaura maƙalin gaba ba, wato abin da ake ɗaure lamba a jikinsa. Sukan bar shi a but cikin ledarsa, wani lokaci ma ya ɓace a hannun mai motar na farko. Wannan dai ta zo hannun mai ita na biyu da bamba sumul, babu huda babu maƙali, shi kuma yana zaune ne a inda dole a ga lamba gaba da baya.

Bai yarda a huda ba, kuma yana da hujja. Rami huɗu a bamba mai fenti ba sa komawa, sai an cike an sake fesa fenti, ga wayoyin sensa da suke bi ta bayan robar, waɗanda bakin dirila zai iya tsinkewa idan mai hudar bai leƙa ba. Amma a faɗi gaskiya tun daga farko, sukurori huɗu a wurin da kamfani ya tanada su ne ɗaurin da ya fi kowanne ƙarfi, kuma bamba roba ce, ba ta tsatsa. Duk wanda ya zaɓi hanyar da babu huda ya sani cewa ya sayi lafiyar fentinsa ne da ƙarin awo da ƙarin kulawa.

Abin da ke fuskar motar

Kafin a yi maganar wane maƙali za a saya, sai an san me ke zaune a fuskar motar, domin motocin yanzu ba bamba kawai ke gabansu ba. Ga abin da aka tarar a wannan, duk awon daga tsakiyar bamba aka fara shi.

Sensar fakin guda huɗu: biyu na ciki, kowace santimita 33 daga tsakiya, biyu na kusurwa, kowace santimita 72. Ramin zoben ja, wato inda ake murɗa zoben da ake jan mota da shi idan ta mutu, yana ɓangaren daman motar, santimita 45 daga tsakiya, an rufe shi da ɗan murfi mai launin jiki. Rada, na'urar da ke auna tazarar abin da ke gaban mota, tana bayan tambarin kamfani a ragar sama, shi ya sa tambarin yake a shafe kamar faranti, babu tudu babu kwari. Akwai kyamara ƙarama a ƙarƙashin tambarin. Ragar ƙasa faɗinta santimita 70, tsayinta 14, ita ce ke shigar da iska zuwa lagireto, kwandensar AC da masanyayin iskar turbo, kuma a bayanta akwai ƙyamaren roba da suke buɗewa suna rufewa da kansu gwargwadon zafin inji. Tsakanin raga biyun akwai ɗamarar bamba mai fenti, tsayinta santimita 10. Da aka haska ta da tocila daga gefe, sai ga ɗigo-ɗigo guda biyu marasa zurfi a jikin robar. Wannan alamar kamfani ce ta inda sukurorin maƙalinsa za su shiga, kuma daga baya za a ga amfaninta.

Lambar kuwa irin ta Arewacin Amurka ce, alminiyam, faɗi milimita 305, tsayi 152, tazarar ramukanta 178 a kwance da kusan 121 a tsaye. Ta Turai ta fi tsawo ta fi siranta, 520 da 110, don haka duk lissafin da ke tafe sai an sake shi idan irinta ce a hannu.

Maƙalin ramin ja, da inda ya gaza

Abin da mai motar ya fara saya shi ne wanda yawancin mutane ke fara saya: doguwar ƙusa mai tiredi, wato tsaga mai zagaye irin ta sukuru, da ake murɗawa cikin ramin zoben ja, da faranti a bakinta wanda lamba ke zama a kai. A kwalinsa an rubuta cewa yana shiga kowace mota. Babu irin wannan maƙali, domin ramin ja ba iri ɗaya ba ne a motoci.

Ƙusar ta shiga zagaye ɗaya ta cije. Nan ne mutane ke ɓata ramin, su ɗauko sifana su ce ai tsatsa ce ko fenti. An yi sa'a bai tilasta ba. Hanyar gane tiredin mota ba ta da wuya: a ɗauko zoben ja na motar, yana but tare da jak da safaya, a auna kaurinsa, sannan a ɗora rula a kan tiredin a ƙirga tudu nawa ne cikin santimita uku. Na wannan mota kaurinsa milimita 16, tudu goma cikin santimita uku, wato tazarar milimita 3 tsakanin tudu da tudu. Ƙusar da aka saya ita ma 16 ce, amma tudu goma sha biyar, tazarar milimita 2. A ido kamarsu ɗaya, a rami ba sa haɗuwa. Akwai kuma motocin da tiredinsu na hagu ne, kamar yawancin Volkswagen da Audi, inda ake ɗaure zoben ta murɗawa saɓanin tafiyar agogo. Wanda bai sani ba zai yi ta juyawa ƙusa ba ta kama ba. Ƙa'idar ita ce, ƙusar da ta dace da yatsu take shiga, zagaye biyar ko shida ba tare da sifana ba. Idan an cinye tiredin wannan rami, ranar da mota ta mutu a hanya zoben ja ba zai zauna ba, kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne, tunda a jikin ƙarfen da ke bayan bamba yake.

An canza ƙusa da wadda ta dace, aka ɗaura lamba. Daga nan matsala ta biyu ta fito, wadda ita ce ta kashe wannan hanya gaba ɗaya. Da zarar mota ta rage gudu a cunkoso ko an sa ribas, sai sensar gaba ta kama ƙara ba tsayawa, allo yana nuna ja a dama alhali babu komai a gaba.

Sensar fakin sauti take harbawa wanda kunne ba ya ji, wajen kilohaz 40 zuwa 50, ta saurari dawowarsa. Sautin ba a miƙe yake fita ba, bajewa yake kamar hasken tocila, kuma ya fi bajewa a kwance fiye da a tsaye, har kusan digiri 60 ta kowane gefe a sensa da yawa. Duk abin da ya tsaya cikin wannan bajewar, ko da gefen faranti ne, sensa za ta ɗauke shi bango. A wannan mota filin da ke tsakanin sensar ciki da ta kusurwa santimita 39 ne. Lamba ta cinye 30 da rabi, saura kamar huɗu-huɗu ta kowane gefe. Ita kuma ta fito gaba da bamba da santimita 6, saboda bambar ta lanƙwasa a wurin, dole a bar tazara kada kusurwar lamba ta goge fenti. Abin da ya fito gaba da santimita 6 yana buƙatar ya nisanci sensa da 10 zuwa 12 a gefe kafin ya fita daga idonta, wato kusan ninki biyu na fitowarsa. Ana neman fili mai santimita 50 da wani abu, wanda ake da shi 39. Babu yadda za a juya farantin ya isa. An matsar da shi ciki, sensar ciki ta yi kuka, an matsar waje, ta kusurwa ta karɓa. An ɗaga shi sama, ƙarar ta ragu da rana, amma ranar da aka yi ruwa ta dawo.

Wasu sukan kashe sensar da maɓalli duk lokacin da suka tada mota, su ci gaba da harkarsu. Ba ma ba da wannan shawara. A motoci da yawa sensar nan ce ke taka birki da kanta idan za a bugi wani abu a hankali, kuma direban da ya saba jin ƙarar ƙarya zai yi watsi da ta gaskiya.

Akwai abu na uku da aka lura da shi bayan mako guda: lambar ta karkace, gefen waje ya sunkuya. Dalilin yana da kyau a fahimce shi, don yana faruwa da duk maƙalin da ke rataye a ƙusa ɗaya. Don a kauce wa sensar ciki, an tura farantin waje, nauyinsa ya koma hagun ƙusar idan kana tsaye gaban mota kana kallonta. Nauyin da ke hagu yana juya ƙusa saɓanin agogo, wanda a tiredin dama shi ne kwancewa. Kowane rami da taya ta faɗa sai ya ƙara sassauta ta kaɗan. Da nauyin yana dama, da ƙara ɗaurewa zai riƙa yi, a tiredin hagu kuma abin ya juye. Maganinsa notin kulle da ake matsewa a bakin ramin, da ɗigon man kulle tiredi mai launin shuɗi. Ban da mai launin ja, shi sai da wuta yake kwancewa.

Gwajin kwali

Duk wannan wahala da kwali guda za a kauce mata. A yanka kwali daidai girman lambar, a naɗe shi da takardar alminiyam ta girki, a manna shi da tef ɗin masu fenti a inda ake son lambar ta zauna, a sa wani abu a bayansa ya fito gaba daidai yadda maƙalin zai fito da shi. A tada mota a fili inda babu komai a gabanta har mita biyu, a ja birkin hannu, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba ƙafarsa a kan birki, a kunna sensa. Idan ta yi shiru, a matsar da kwalin santimita biyu dama, biyu hagu, a ga ko shirun na gaske ne ko a bakin iyaka ake. Wurin da yake a bakin iyaka zai yi ƙara ranar ruwa ko sanyi.

Takardar alminiyam ɗin saboda rada ce. Radar mota tana aiki a gigahaz 76 zuwa 81, tana ratsa roba amma ba ta ratsa ƙarfe, don haka kwali tsirara ba zai nuna komai ba, lamba kuwa za ta makantar da ita. Kuma rada ba ta cika yin ƙorafi mota na tsaye ba, sai an yi tafiyar wasu mintoci kafin saƙon gargaɗi ya fito a dashbod. Littafin motar yakan nuna da zane wurin da ba a so a rufe, a duba shi. A ƙarshe a kunna kyamarar gaba a ga ko kwalin ya shigo hoto.

Da aka yi wannan gwaji a wurare huɗu na fuskar motar, wuri ɗaya ne ya tsallake komai: tsakiyar ɗamarar nan mai fenti, daidai kan ɗigon kamfani. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ƙera motar ya gwada sensarsa, radarsa da sanyin injinsa da lamba a wannan gurbi. Gefen lamba yana santimita 15 daga tsakiya, sensa tana 33, tazara kusan 18, fitowarta gaba kuma ba za ta wuce santimita 2 ba. Don haka gurbi ya samu, saura abin da zai riƙe lambar a wurin in ba sukurori ba.

Sauran hanyoyin da aka ajiye

Maƙali mai cizon raga, wanda ake zura ƙugiyoyinsa ta ramukan raga a matse daga baya, an ajiye shi saboda abu biyu. Lamba a tsakiyar ragar ƙasa za ta rufe wajen santimita murabba'i 430 cikin 980, fiye da kashi 40 cikin ɗari na iskar injin turbo. Sannan ƙusoshinsa suna leƙawa baya inda ƙyamaren nan suke motsi, kuma ƙyauren da ya maƙale yakan kunna fitilar inji. A motar da ragarta ke da faɗi da kauri, babu ƙyamare, babu rada a wurin, hanya ce mai kyau.

Maƙalin ƙarƙashin bamba, mai amfani da sukurorin da suka riga suka riƙe murfin ƙasan inji, yana da ƙarfi, kuma wasu irinsa ana zare lambar a mayar cikin daƙiƙa kaɗan. Aibinsa a wannan mota shi ne tsayi. Hancinta a ƙasa yake, hannun maƙalin zai rage mata wajen santimita biyu, shi zai fara taɓa tudun rage gudu da gangaren shiga gareji, kuma idan ya bugu murfin ƙasan yake yagewa.

Maganaɗisu ba ya kama roba, ba ya kama alminiyam. Sai an sauke bamba an manna shi daga ciki, an kuma sa farantin ƙarfe a bayan lamba, sannan duk mai wucewa zai iya cire ta da hannu ɗaya. Maɗaurin wayoyi na roba kuwa na kwana biyu ne kafin a samu maƙali. Ajiye lamba a bayan gilashin gaba ba ya cika sharaɗin doka a wurare da yawa, kuma a haɗari farantin ƙarfe ne mai kaifi sake a gaban fuskar mutum.

Abin da aka zaɓa

Maƙalin kamfani na wannan samfurin mota, wanda bayansa ya zo da lanƙwasar bambar, aka manna shi da tef mai manne fuska biyu na ƙirar motoci. Ba farin tef mai soso na manna hoto a bango ba, wannan rana ɗaya ta ishe shi. Wanda aka yi amfani da shi 3M VHB ne mai lamba 5952, baƙi, kaurinsa milimita 1.1, faɗinsa santimita biyu da rabi.

Nawa ake buƙata? Kamfanin tef ɗin yana ba da ƙa'idar inci murabba'i huɗu ga kowane laba na nauyin da ke rataye, wato kusan santimita murabba'i 57 ga kowane kilo. Lamba da maƙali ba su kai rabin kilo ba, don haka murabba'i 30 ya ɗauki nauyinsu. Sai dai nauyi ba shi ne babban abokin gaba ba. A gudun kilomita 120 a awa, iskar da ke dukan lamba mai wannan girma tana kai ƙarfin kilo uku da rabi zuwa huɗu, kuma idan gudu ya ninka, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Yawancinsa danna lambar yake a jikin bamba, wannan ba damuwa. Damuwar tana wajen santimita 5 na ƙasan lambar da suka sauko kan raga babu abin da ya tokare su. Iska tana tura wannan ɓangare ciki, shi kuma yana ɗaga gefen sama kamar yadda ake ɓamɓare murfin gwangwani. Tef irin wannan yana da ƙarfi sosai idan ana jansa a kwance, amma ɓamɓara daga gefe ita ce lagonsa. Shi ya sa aka sa layi biyu masu tsawon santimita 25, jimilla murabba'i 125, kuma layin sama aka kai shi can bakin maƙalin. Saukowar nan ta santimita 5 tana rufe kusan kashi 15 cikin ɗari na ragar ƙasa, daidai abin da maƙalin kamfani zai rufe ko da sukurori aka ɗaura shi.

Da aka juya maƙalin sai aka ga abin da ke kayar da mutane da yawa. Bayansa ba a shafe yake ba, rami ne da siraran haƙarƙari na roba, duk inda zai taɓa bamba bai kai murabba'i 20 ba. Tef da aka shimfiɗa a kan haƙarƙari yana kama iska ne kawai. Sai aka yanko farantin roba nau'in ABS mai kaurin milimita 2, santimita 28 da 8, aka ɗumama shi har ya yi laushi, aka danne shi a bayan maƙalin da matsi har ya huce ya ɗauki lanƙwasar. A jikin maƙalin ake yin wannan, ba a jikin mota ba, don robar ba ta laushi sai ta haura digiri 100, zafin da fenti ba ya so. Aka haɗa su da ƙananan sukurori huɗu masu shafaffen kai, aka nutsar da kawunan kada su yi tudu. Wanda ya samu maƙalin da aka ƙera da rufaffen baya don mannawa ya huta da wannan aiki.

Kafin a ɓare tef sai an gwada zama. A ɗora maƙalin a gurbinsa a haska tocila daga ƙasa. Tef yana cike giɓin da bai wuce rabin kaurinsa ba, wato kusan rabin milimita. Idan haske yana fitowa ta gefe fiye da haka, a gyara lanƙwasar ko a nemi tef mafi kauri. Miƙaƙƙen maƙali da aka tanƙwara da ƙarfi a kan bamba mai lanƙwasa zai yi ta ƙoƙarin miƙewa dare da rana, kuma shi ne zai yi nasara.

Mannawa

A zaɓi lokacin da jikin mota yake tsakanin digiri 21 da 38, a inuwa. Ƙasa da digiri 10 tef ɗin yana da tauri, ba ya shiga jikin fenti, ko an ga kamar ya kama.

A wanke wurin da sabulu da ruwa, a bar shi ya bushe. Sannan a goge da sifirit nau'in isofurofil da aka gauraya rabi da rabi da ruwa, da tsumma mai tsabta mara gashi, ana shafawa ta fuska ɗaya ana juya tsumman. Idan an taɓa shafa wa motar kakin folish, sai an cire shi tukuna. Gwajinsa a yayyafa ruwa: idan ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo yana gangarewa, akwai saura a jiki. Ruwan kariyar fenti mai tauri da ake kira siramik ba ya fita da sifirit, sai an goge wurin da folish mai ɗan ci. Bambar da aka sake wa fenti kwanan nan kuma a ba ta aƙalla wata guda, ko abin da mai fentin ya ce.

Ɓangaren maƙali a ɗan karce shi da sanfefa mai laushi, a goge da sifirit. Idan kai tsaye za a manna a baƙar robar maƙali, ko a bambar da ba ta da fenti, sai an shafa ruwan ƙara kamu irin 3M Primer 94, shafa ɗaya siririya, a bar ta ta bushe mintoci biyar. Irin wannan roba, folifurofilin, manne ba ya son ta. A kan fentin mota kuwa kada a shafa shi, domin ranar cirewa zai ba da wahala, kuma yana iya barin tabo.

A shimfiɗa tef a bayan maƙalin ba tare da an ja shi ba, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi. Layin sama a bar shi ɗaya miƙe. Na ƙasa a raba shi biyu a bar giɓin santimita ɗaya a tsakiya, don ruwan da ya shiga ya samu mafita. A auna daga ƙasa zuwa inda kusurwoyin sama biyu za su tsaya, mota tana kan daidaitaccen wuri, a ja layi da tef ɗin masu fenti, a sa alamar tsakiya. Dama ɗaya ake da ita, don tef ɗin da ya taɓa aka ɗaga ya rasa ƙarfinsa. Dabarar ita ce a ɓare santimita biyu kawai na ledar bayan tef a kowane ƙarshe, a lanƙwasa ta ta leƙo waje, a saita maƙalin a kan layi, sannan a zare ledar a hankali daga gefe yana zaune a wurinsa.

Sai dannawa, wadda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tef ɗin yana buƙatar matsin kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Murabba'i 125 ke nan kilo 125, wanda babu mai iya bayarwa da tafin hannu a lokaci ɗaya, balle bamba tana lotsawa. Don haka gaɓa-gaɓa ake bi da babban yatsa, ana dannawa da ƙarfi daƙiƙa kaɗan a kowane wuri daga tsakiya zuwa gefe, ɗaya hannun yana tokare bambar ta cikin raga idan yana kaiwa.

Kamun yana ƙaruwa da lokaci: kusan rabi bayan minti 20, kashi 90 bayan awa 24, cikakke bayan awa 72, a ɗumi irin na ɗaki. An bar maƙalin kwana ɗaya babu lamba babu tafiya, kuma ba a wanke motar ba sai bayan kwana uku.

Wajen ɗaura lambar akwai tarko ɗaya. Sukurorin da ke zuwa cikin ledar maƙali dogaye ne, wasu an yi su ne don su ratsa har cikin bamba. Wanda ya ɗaure lamba da su zai huda fentin da ya sha wahalar karewa, ko bakin sukurun ya tokari bamba ya ɗaga tef. A auna zurfin gurbin tun maƙalin yana hannu. A nan gurbin milimita 12 ne, aka sa sukurori marasa tsatsa masu tsawon 10, guda huɗu ba biyu ba, da washa ta roba a bayan lambar don kada ta yi kaɗawa. Daga ƙarshe aka zura baƙin maɗaurin wayoyi guda biyu daga ƙasan maƙalin zuwa sandar raga mafi kauri, ba a matse su sosai ba, aka tabbatar jelarsu ba ta kai ga ƙyamaren baya. Aikinsu kawai idan tef ya saki wata rana, lambar ta rataya maimakon ta faɗi a titi ko ta tashi ta bugi motar baya.

Bayan aiki

An sake gwajin sensa da lambar gaske, shiru. An yi tafiya a babbar hanya da na'urar kiyaye tazara a kunne, babu gargaɗin rada. An tsaya a cunkoso da AC a kunne, allurar zafi ba ta motsa daga inda ta saba ba. Kyamara tana nuna siririn layin saman lambar a can ƙasan hoto, bai rufe komai ba. An fitar da ƙusar ramin ja, aka shafa ɗan giris a tiredin, aka mayar da murfinsa.

Abin dubawa daga nan shi ne gefen sama, bayan mako guda, bayan wata guda, sannan duk lokacin wanki. A gwada zura ɗan kati tsakanin tef da fenti. Idan ya shiga a wata kusurwa, kada a danna a ce ya koma, ƙura ta riga ta shiga. A cire a sake sabo. Mai wanki da injin feshi ya nisanta bakinsa da santimita 30, kuma kada ya auna gefen maƙalin kai tsaye, domin ruwa mai ƙarfi yana shiga ƙarƙashin tef fiye da yadda iskar hanya za ta taɓa yi.

Wannan ba ya nufin maƙalin ramin ja ba shi da wuri. A motar da ba ta da sensar gaba, ko wadda raminta ya yi nesa da su, ko wadda hancinta tsini ne babu shafaffen wuri ko kaɗan, shi ne ya fi dacewa, kuma bai damu da zafi ko sanyi ba. Mai shi dai ya riƙa ajiye sifanar kwance shi a mota saboda ranar ja, ya shafa man hana cijewa idan ƙusar alminiyam ce a ramin ƙarfe, ya kuma sani cewa ɗan bugun fakin da bamba za ta shanye, yanzu kai tsaye zai bi ta ƙusar zuwa ƙarfen ciki.

Ranar da za a cire na manne, a kwance lambar, a ɗumama maƙalin da na'urar busar da gashi har ya yi zafin da hannu zai iya jurewa, a zura zaren fatsa ta baya a riƙa ja dama da hagu yana yanka sosan tef ɗin. Ragowar a murza ta da yatsa tana naɗewa, a ƙarasa da man cire manne wanda aka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. Kada a sa sukundireba a ɓamɓara. Fentin kamfani yana jure wannan lafiya, sai dai bayan shekaru wurin da maƙalin ya rufe zai ɗan fi sauran haske, folish yakan daidaita shi. Fentin da aka sake fesawa kuwa, musamman idan ba a yi masa share fage mai kyau a kan roba ba, yana iya biyo tef ɗin, don haka a irin wannan bamba a fara gwada ɗan guntu a ƙasanta inda ido ba ya kaiwa, a bar shi kwana uku, a cire a gani kafin a manna babban.